Neman kalma: me za mu kira “lune de miel” na ciwon sukari?

Rabi mai shirin lafiya: Salamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, mu kuma ranar Alhamis za mu ɗauki shiri a nan Tawa. Bana a kan nau'i na 1 za mu tsaya, wanda ya fi kama yara da samari, wanda dole sai da allurar insulin. Likitan da zai zo rabin maganarsa Faransanci ne, ni zan maida. Hypoglycémie na gama da ita, faɗuwar sukari zan ce. Inda na cije shi ne lune de miel, wato kwanakin amarci a Faransanci. Bayan an gano ciwon an fara allura, sai a ga cikin makonni ko ƴan watanni sukarin yaro ya daidaita, har likita ya rage masa insulin sosai. Ba warkewa ba ce, abin yana dawowa. Ina son kalma gajera wadda tsohuwa a Kaita ko Buza za ta ji ta gane.

Abdu Yamai: Amarci mana, yaya Rabi. Amarcin ciwo.

Maman Sani: Haba Abdu. Uwar da ke tsira wa ɗanta allura safe da dare ita za a ce wa suna cikin amarci? Wannan kalma ba ta shiga gidan da ake jinya.

Ibro: Sauƙi na ɗan lokaci?

Maman Sani: Sauƙi ma ku bar shi. In ka ce yaro ya samu sauƙi, dangi za su ji an kama hanyar warkewa, “na ɗan lokaci” ɗin a hanya zai faɗi.

Majo Laminu: Bari in faɗi abin da ke faruwa a jiki, don kalmar ta hau daidai. A nau'i na 1 garkuwar jiki ce ke juyowa tana cinye ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin pankiriyas. Lokacin da aka gano ciwon ba duka suka mutu ba, akwai saura, sai dai yawan sukari ya gajiyar da su. Da allura ta saukar da sukarin sai su farfaɗo su taimaka. Shi ya sa buƙata ke raguwa, wani yaro har ƙasa da rabin inite, wato ma'aunin insulin, a kowane kilo na nauyinsa a yini. Amma garkuwar ba ta daina cin su ba. Wani makonni zai yi, wani watanni, wani ya haura shekara, wani yaron ma ba ya samun wannan lokaci sam, musamman ƙanana sosai.

Mushe Alasan: Ni na daɗe da gina kalma ga wanga abu: sararau. Daga sarara. Ruwa ya sarara, ba a ce ya ɗauke ba. Gajera ta, Hausa ta tsantsa, ba ta buƙatar jela. Amma ku bari in yi ƙorahi. Majo, mi ya kawo pankiriyas cikin zancen Hausa alhali muna da saihwa? Insulin ma da munka zamna da mun samo mishi suna. Kullum sai mu ɗauko kalmar Nasara mu sa mata hula mu ce mun hwassara.

Majo Laminu: Mushe, da girmanka, saifa daban take. Ita ce ke kumbura a hagu ƙarƙashin haƙarƙari in masassarar cizon sauro ta yawaita wa yaro. Pankiriyas tana kwance bayan tumbi. In Rabi ta ce saifa a rediyo, gobe za a kai yara wurin wanzami a yi musu tsaga a ciki.

Zara ɗalibar harsuna: Baba, sararau tana da daɗin faɗi, amma wannan -au ɗin mutum yake sifantawa. Mantau mai mantuwa ne, Jimrau mai jimiri ne. Sararau zai fito kamar mai yawan sararawa, ba lokacin da abu ya sarara ba. Sai ka ji ana kiran yaron da shi.

Mushe Alasan: Ɗiyata, ƙa'ida bayan harshe take tahiya, ba gabanai ba. In mutane sunka karɓa, ya zamna. Tun watan Maris na 2025 anka rubuta cikin kundin ƙasa cewa Hausa ita ce harshen ƙasa. To da mi za mu riƙe matsayin in ko sunan ciwo sai mun jira Kano ta aiko muna?

Abdu Yamai: Wa ya ambaci Kano yanzu, Mushe? Amma tunda an taɓo, abin da gidajen rediyon waje ke faɗa shi mutane suka saba ji. Su ciwon suga suke cewa, kuma kowa na ganewa.

Mushe Alasan: Suga! Ka ji ba. Mu sukari munka gada. Muna da ƙa'idar rubutunmu tun 1999, amma ɗiyanmu kunya suke ji su rubuta yadda iyayensu ke magana. Hausar Adar ba ƙanwar ta kowa ba ce.

Zara ɗalibar harsuna: Babu mai raina Adaranci, Baba, ni ma da shi aka goye ni. Amma sukari daga Larabci muka aro shi, allura ma haka, likita kuwa daga Turanci. Insulin ɗin ma ba Faransawa suka haife ta ba, daga kalmar Latin mai nufin tsibiri aka gina ta, saboda ƙwayoyin da ke yin ta tsibi-tsibi suke a cikin pankiriyas. A Toronto ta Kanada aka fara tace ta a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 a Janairun 1922, duniya duka ta ɗauki sunan. Kuma shi ke rubuce a jikin kwalba. Uban da zai je farmasi dole ya faɗi sunan da mai sayarwa zai gane.

Ibro: Ni abin da ke ba ni haushi, masu ilimin Yamai in sun zauna Faransanci suke yi, sai an zo neman kalma kowa ya zama sarkin Hausa.

Abdu Yamai: Da wa kake, Ibro?

Rabi mai shirin lafiya: Don girman Allah ku dawo. Insulin tana nan a insulin, sukari a sukari, pankiriyas zan ce wata halitta ce bayan tumbi mai yin insulin. Jibi zan shiga ɗakin ɗauka, har yanzu ba ni da kalmar da na zo nema.

Maman Sani: Rabi, bari in gaya miki dalilin da ya sa na tsaya a kan maganar nan. Da aka sallamo mu da Sani, na koyi awon sukari a yatsa, na koyi allura a cinya da ciki, na koyi ajiye kwalbar a inda zafi ba zai lalata ta ba in an ɗauke kuran. Ana cikin haka sai awon ya yi kyau, likita ya rage insulin. Daidai lokacin kakarsa ta fara ba shi ruwan zogala da wani jiƙo. Gida duka aka ce ai ga magani ya ci, a daina huda yaro. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, ni kaina zuciyata ta so ta yarda. Ba wanda ya gaya mini tun farko cewa akwai lokaci irin wannan, kuma yana da suna, kuma yana ƙarewa. Da ina da sunan da na samu abin faɗa wa surukata. Na dai ƙi dainawa, aka yi ta fushi da ni. Bayan wasu watanni ƙishirwa da yawan fitsari suka dawo, aka ƙara masa insulin. Ina tuna wata da muka kwanta ɗaki ɗaya a asibiti, su sun daina, da amai da numfashi sama-sama aka maido yarinyar. Kalmar da za ki faɗa ta zama wadda uwa za ta iya kare kanta da ita a gaban dangi.

Ibro: Allah ya ƙara wa Sani lafiya. To likimo fa? Ciwo ya yi likimo. Yana nan kwance, idonsa biyu.

Abdu Yamai: Ko kwanton ɓauna.

Rabi mai shirin lafiya: Kwanton ɓauna a'a. A labaran hare-hare mutanen jihar nan ke jin ta, ba zan ɗora wa uwa wannan tsoro ba. Likimo kuwa ta shige ni.

Majo Laminu: Likimo ta kama rabi, ta saki rabi. Ta faɗi gaskiya cewa ciwon na nan. Amma tana nuna kamar sauƙin ƙarya ne, alhali raguwar buƙatar gaskiya ce. Uban da ya ji likimo zai iya cewa ba za a yaudare ni ba, ya ci gaba da yawan insulin na farko, yaro ya faɗi. A wannan lokaci faɗuwar sukari muke tsoro kamar yadda muke tsoron daina allura. Rabi, ki faɗa musu: in awo ya sauka ƙasa da 0,70, wato 70 a wasu na'urori, ko yaro ya kama zufa da makyarkyata da yunwa da rikicewa, a ba shi ƙwayar sukari 1 a kowane kilo 20 na nauyinsa, a sake awo bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Ragi da ƙari kuma likita ke yi, ba gida ba.

Zara ɗalibar harsuna: To lafawa. Wuta in ta lafa da gaske ta ragu, amma garwashi na nan ƙarƙashin toka, kowace mace ta san ba a barin yaro ya taka. Lokacin lafawa. Ciwo ya lafa, bai warke ba.

Maman Sani: Wannan zan iya faɗa wa surukata ta gane.

Majo Laminu: Na yarda, da sharaɗin kada a taɓa faɗin ta ita kaɗai. Duk inda aka ce ya lafa, a biyo da bai warke ba, ba a daina allura.

Mushe Alasan: Lahwawa ba suna ba ne, bayani ne. Kalma biyu kun ka jera inda guda ta isa. Da sarara da lahwa duk gida ɗaya suke, don dai ni na kawo tawa.

Zara ɗalibar harsuna: Ba haka ba ne Baba. Da ka ce sararawa da ban yi musu ba, -au ɗin ne kawai.

Mushe Alasan: Sararawa samari sun lalata ta, yawon shan iska suke nuhi da ita.

Rabi mai shirin lafiya: Na gode muku duka. Lokacin lafawa zan ce, da jelar da Majo ya sa. Likimo zan kawo ta sau ɗaya cikin bayani, wurin gargaɗin daina allura. Mushe, in masu saurare sun kira suka ce ba su gane ba, zan gwada taka a shiri na gaba. Maman Sani, ko za ki yarda in ba da labarinki ba tare da suna ba?

Maman Sani: Ki bayar. Ki cire maganar surukata dai, tana sauraren shirinki.

Mushe Alasan: Ku tahi da ita hakanan tunda lokaci ya ƙure. Ni dai cikin littahina sararau na rubuta, kuma ban goge ba. Saihwa na janye.

Ibro: Saura ƴan tsinkayen awon nan da ake ɗiga wa jini, bandelettes. Su fa?

Rabi mai shirin lafiya: Ibro, wannan sai bayan Juma'a.