Neman kalma: me za mu kira "bootleg" da Hausa?

1.
Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar da nake so mu daddale yau ita ce "bootleg", wadda masu tara tsofaffin faya-fayen kiɗa suke amfani da ita ga sautin mawaƙi da ya bazu a hannun mutane ba tare da shi ya fitar ba. Duk inda na ga an juya ta zuwa Hausa, "satar fasaha" ake sa wa, wasu kuma su ce "jabu". Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Zan yi misali da ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, don a wajen masoyanta ne na ga wannan harka ta fi tsari.

2.
Ga wanda bai san su ba: samari ne da suka kafa ƙungiya a Landan a 1965. Syd Barrett shi ne jagora, shi ke jita, shi ke rubuta yawancin waƙoƙin, tare da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason. Sunan ma Barrett ya haɗa shi daga sunayen makaɗan Amurka biyu baƙar fata, Pink Anderson da Floyd Council. Daga ƙarshen 1966 suka zama 'yan gida a wani kulob na ƙarƙashin ƙasa mai suna UFO, inda suke kiɗa mai tsawo wanda ba a san inda zai dosa ba, ana haska musu fitilu masu launi suna narkewa a bango. Kundinsu na farko ya fito a watan Agusta 1967. A Afrilu 1968 aka sanar Barrett ya bar ƙungiyar, lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, David Gilmour ya maye gurbinsa. Daga baya Barrett ya koma garinsu Cambridge, ya janye daga idon duniya har rasuwarsa a 2006.

To ku duba: zamanin Barrett gajere ne ƙwarai, cikakken kundi ɗaya ya bari tare da su. Shi ya sa duk wani guntun tef da aka ji muryarsa ko jitarsa a ciki ya zama abin nema ido rufe.

3.
Abubuwa uku ne a nan, kuma Turawan da ke harkar sun ba kowanne sunansa.

Akwai wanda zai ɗauki faifan da kamfani ya fitar, ya buga irinsa sak, da bango da tambari da komai, ya sayar maka a matsayin na asali. Wannan jabu ne, ba musu.

Akwai wanda zai kwafe waƙoƙin da suke kasuwa, ya zuba a kaset ko a waya ya sayar, bai ma damu ya yi kama da na asali ba. Wannan satar fasaha ce, irin wadda ta daɗe tana cin masu shirya fina-finan Hausa. Mai abu ya kai kayansa kasuwa, wani ya zo ya tare masa ciniki.

Na uku shi ne namu. Sauti ne na gaske, mawaƙin ne da kansa, amma shi bai taɓa fitar da shi ba. Babu shi a kanti, ko kana da kuɗin. Wani ne ya same shi ta wata hanya ya bazu a hannun mutane ba da izinin mai shi ba.

4.
Ta ina ake samunsa? Wani lokaci daga ɗakin ɗaukar sauti yake sulalewa. A 1967 Pink Floyd sun ɗauki waƙoƙin Barrett biyu, "Vegetable Man" da "Scream Thy Last Scream", aka ajiye su ba a fitar ba. Shekaru da dama suna zagayawa daga kaset zuwa kaset, daga hannu zuwa hannu, sai a Nuwamba 2016 ƙungiyar ta sa su a babban akwatin tarihinta na shekarun 1965 zuwa 1972. Tsara guda ta masoya ta haddace waƙoƙin nan tun kamfani bai yarda akwai su a kasuwa ba.

Wani lokaci daga rediyo ne. Ƙungiyar ta sha yin kiɗa a BBC, musamman a shirin John Peel. A wancan zamani BBC kan goge tef don a sake amfani da shi, saboda tsadarsa da ƙarancin wurin ajiya. Yaron da ya kara makirufo a bakin rediyon gidansu ya ɗauka, wani sa'in abin da ke hannunsa ya fi abin da ya rage a gidan rediyon.

Wani lokaci kuma daga wurin wasa ne. A Satumba 1967 sun yi wasa a wani kulob a Stockholm, babban birnin Suwidin, aka ɗauka a tef. Muryar mawaƙi kusan ba a jin ta, kayan kiɗa sun danne ta, amma yana cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda Barrett yake kiɗa a gaban jama'a. Shi ma sai a 2016 ya fito a hukumance. Akwai kuma Mike Millard, wani Ba'amurke da yake shiga wuraren wasa a keken guragu da rikoda ɓoye a jikin keken. Ya ɗauki Pink Floyd a Los Angeles a Afrilu 1975, ɗaukar da masu tarawa suka daɗe suna yabon tsabtarta. Bayan shekara 50 ƙungiyar da kanta ta gyara ta ta fitar.

Yanzu a gaya min, wanne daga cikin waɗannan ne jabu?

5.
Ita kalmar Turancin asalinta daga giya ne. Ana cusa kwalba a wuyan dogon takalmi a wuce da ita a ɓoye, kuma kalmar ta yi ƙarfi a Amurka lokacin da aka haramta barasa daga 1920 zuwa 1933. Ta shigo harkar kiɗan rock sosai a 1969, da wani faifan mawaƙin Amurka Bob Dylan da aka buga a Los Angeles cikin farin bango ba hoto ba suna. Saboda wannan asali ne wani yayana ya kawo shawarar "faifan sumoga" ko "faifan fasa-ƙwauri".

Yaya, na ji daɗin shawarar, tana da daɗin faɗa, kuma ta bi asalin kalmar. Amma a kunnen Bahaushe fasa-ƙwauri na tafe da iyaka da kwastan da shinkafa a bayan mota. Laifin ɗan sumoga shi ne ƙin biyan haraji ko shigo da abin da gwamnati ta hana. Faifanmu bai tsallaka wata iyaka ba, tsakaninsa da mai waƙar ne. In muka bi asalin Turancin, za mu ɗauko tarihin giyar Amurka mu ɗora wa mai karatunmu, alhali su kansu Turawan ba sa tuna takalmi in sun faɗe ta.

6.
"Faifan sata" kuwa na cire shi tun farko. Ya yanke hukunci kafin a ji ƙara.

7.
Wata malama ta ce "ɗaukar ɓoye". Malama, wannan ya dace da Millard da kekensa ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin mu riƙe shi don wannan nau'in kaɗai. Sai dai yaron da ya ɗauka daga rediyo ba ɓoyewa ya yi ba, a falon gidansu yake. Waƙar da ta sulale daga situdiyo kuma a fili aka ɗauke ta, da injiniya da albashinsa, fitarta ce ta zama ta ɓoye. Akwai ma ƙungiyoyin da suka yarda a ɗauke su, kamar Grateful Dead ta Amurka, wadda daga 1984 ta ware wa masu rikoda wuri na musamman a filin wasa, muddin musaya za su yi ba sayarwa ba.

8.
Wadda ta fi jan raina ita ce "tsintuwa". Na daɗe ina juya ta. Tsintuwa abu ne mai mai shi, ya faɗo hannunka, kana riƙe da shi. Kuma haka masu tara faya-fayen Pink Floyd na kirki suke kallon kansu, masu riƙon amana. Suna da ƙa'idoji masu tsauri. Ba a sayarwa, musaya ake yi ko kyauta. Ana rubuta salsalar kowane sauti: wa ya ɗauka, da wace na'ura, kwafi na nawa ne daga tef na asali, domin a zamanin kaset duk kwafin da aka yi daga kwafi yakan ƙara hayaniya ya rage tsabta, wani lokaci gudun tef ɗin ya canza muryar ta yi sama ko ta yi ƙasa. Sai ka ga mutum ya ɓata shekaru yana neman kwafin da ya fi kusa da uwar tef, na wasan da ya riga ya mallaka a siga uku. In ƙungiya ta fitar da abu a hukumance kuwa, da yawa daga cikin wuraren musayar sukan janye nasu. Su kansu kalmar "bootleg" ba ta yi musu daɗi ba, har suka ƙirƙiro tasu, ROIO, wato ɗaukar da ba a tantance asalinta ba.

Duk da haka ba zan zaɓe ta ba, kuma ga dalili. Tsintuwa tana wanke kowa. Wanda ya shiga da rikoda a ɓoye bai tsinta ba, shiri ya yi. Wanda ya buga dubban faya-fayai ya sayar da tsada bai ba mawaƙi ko sisi ba, shi ma sai ya fake a bayan kalmar. Akwai kuma abin da ya fi damuna. "Vegetable Man" waƙa ce da Barrett ya rubuta a lokacin da hankalinsa ke rabuwa da shi, kuma abokansa sun zaɓi su ajiye ta. Ina son waƙar, na gode da na ji ta, amma ba zan ce mutanen da suka ƙi fitar da ita ba su da hujja ba. Mai fasaha na da haƙƙin ya ce wannan bai kai ba, ko wannan ciwona ne, ku bar min. Kalmar da za mu zaɓa kada ta share wannan haƙƙin.

9.
Abin da na tsaya a kai shi ne: faifan bayan fage.

Duk mai sauraron labarai ya san kasuwar bayan fage. Dalar da ake canzawa a can ba jabu ba ce, dala ce ta gaske, banki ne kawai ba ta bi ta ciki ba. Haka wannan faifai yake: sautin gaskiya, mawaƙin gaskiya, hanyar fitarsa ce ba ta hukuma ba. Kalmar ba ta kira mutum ɓarawo ba, ba ta kuma ce masa sannu da aiki ba. Ta faɗi hanyar da abin ya bi, ta bar wa mai karatu hukunci. Ta kuma rufe dukkan nau'o'in uku, na situdiyo da na rediyo da na wurin wasa, don dukkansu ta bayan fage suka iso kunnen jama'a.

Tana kuma lanƙwasuwa yadda ake so. Abin da ke hannu: faifan bayan fage, ko kaset ɗin bayan fage. Sautin kansa, ko da a waya yake: ɗaukar bayan fage. Aikin: an fitar da ita ta bayan fage. Mutumin: mai tara faya-fayen bayan fage. A gwada a jimla: "Waƙar ta yi shekaru da dama tana yawo a faifan bayan fage kafin ƙungiyar ta fitar da ita." Ba wanda zai tsaya ya tambaye ka me kake nufi.

10.
Wani ƙanena ya tayar da ƙorafi mai ma'ana: a harkar fim "bayan fage" na nufin abin da ake yi a bayan kyamara, kada a ɗauka faifan shirye-shirye ne. Ƙanena, gaskiyarka. Amma kasuwar bayan fage da ma'aikatan bayan fage sun daɗe suna zaune a harshe ɗaya ba su taɓa rikita kowa ba, jimla ce ke raba su. In wuri ya yi duhu, a ce "wanda aka fitar ta bayan fage", wannan "ta" ɗin ta kashe maganar.

11.
Akwai wani abu da ya sa nake ganin kalmar za ta ɗore: tana nuna hali ne da kan iya canzawa. Abin da yake bayan fage yau, gobe yana iya shigowa fage. A 2011 Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka daga shekara 50 zuwa 70, amma ga wanda aka fitar kafin shekara 50 ɗin ta cika. Wanda aka bari a kabad, kariyarsa ta faɗi. Shi ya sa a Nuwamba 2015 Pink Floyd suka fitar da waƙoƙi 6 na farkon farawarsu, tun wani makaɗi mai suna Bob Klose yana jita tare da su, a kwafi kimanin 1,000 kacal. A Disamba 2021 kuma sai ga tarin wasanninsu na farkon shekarun 1970 a manhajojin sauraron kiɗa, ba talla ba sanarwa, yawancinsu ɗaukar 'yan kallo ce da masu tarawa suka daɗe da sani. Da "faifan sata" muka ce, yaya za mu kira shi ranar da mai shi ya sa hannu ya sayar? Da kalmarmu kuwa sai mu ce ya fito daga bayan fage, shi ke nan.

12.
Kuma ba don Turawa kaɗai nake neman ta ba. Muna da namu. Waƙoƙin Mamman Shata da yawa a wurin biki ko taro aka ɗauke su da rikoda, suka bi kaset suka bazu, ba kamfanin da ya buga su. Tun rasuwarsa a 1999 masu sha'awa ke bin irin waɗannan kaset-kaset gida-gida suna mayar da su cikin kwamfuta kafin tef ya ruɓe. Mutumin da ke wannan aiki bai kamata a haɗa shi a suna ɗaya da mai kwafe sabon fim yana sayarwa a tasha ba, kuma iyalan mawaƙin suna da ta cewa a kan abin da ake yi da muryar mahaifinsu.

13.
Saboda haka ga yadda zan riƙa rubutawa daga yau: jabu ga wanda aka kwaikwayi na asali, satar fasaha ga wanda aka kwafe daga kasuwa, faifan bayan fage ga wanda mai shi bai taɓa fitarwa ba, ɗaukar ɓoye kuma ga nau'in da aka shiga da rikoda a sace. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi da zangon Kumasi, ku gwada jimlar da na kawo a sama a bakinku, in ta yi muku nauyi ku kawo wadda kuke faɗa. Malaman jami'a da ma'aikatan gidajen rediyo, ku ne za ku fi amfani da ita, ina jiran gyaranku.