Neman kalma kafin Asabar: me za mu kira evolution a wasan Spore?

Malamar Kwamfuta, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar da ƙarfe 10 ina da aji a nan Zangon Agege, yara 14, kuma da Hausa zalla nake son yin darasin saboda iyayen wasu za su zo su zauna. Wasan kwamfuta na Spore zan nuna musu, wanda Will Wright da kamfanin Maxis suka yi, Electronic Arts ya fitar a 2008. Kana farawa a matsayin ɗan mitsitsin abu cikin ruwa, ka zaɓi ganye za ka ci ko nama. Kana ci kana tara maki, sai ka kira wani irinka ku haɗu, wasan ya buɗe maka inda za ka ƙara baki ko ƙaya ko ido. Ƙwai ya fashe, ɗan ya fito da sabon jiki. A haka har ka yi ƙafafu ka hau tudu, sai ƙabila, sai birni, sai sararin samaniya. Mataki 5 ke nan. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: evolution da species. Yaran "ibolushan" suke cewa, ni kuwa ba zan faɗi haka gaban iyaye ba.

Abban Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Malama. Juyin halitta. Shi ake rubutawa a intanet.

Ɗan Masanin Obalende:
A'a. Juyi abu ne na dare ɗaya, kamar juyin mulki ko juyin waina. Ni tun bara nake cewa a kira shi RIKIƊAU. Daga rikiɗa, gajere ne, yana da daɗi a baki, kuma namu ne tsantsa.

Malamar Kwamfuta, Agege:
Na gode Malam, amma rikiɗa jiki ɗaya ke yin ta. Hawainiya ta rikiɗa, ita ce dai. A tatsuniya mutum ya rikiɗa ya zama kura, shi ne dai. A wasan nan uwar ba ta sauyawa, ɗan da ya fito daga ƙwai shi ne daban. Abin da nake son yaran su kama ke nan.

Yaya Mile 12:
Ga kuma nahawu, Ɗan Masani. Mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara. To rikiɗau mai rikiɗa ne, ba rikiɗar ba. Dabbar ka raɗa wa suna.

Ɗan Masanin Obalende:
Yaya, kalma tana zama abin da mutane suka yarda da shi. Wa ya ba jirgi izinin barin ruwa ya koma sama? Rikiɗau ma zai zauna in kun daina jin kunyar abinku.

Baba Liman:
'Yata, kafin ku yi nisa. Ban hana yara wasa ba, amma kada in ji yaro ya koma gida yana cewa "yau na halicci dabba". Halitta ta Allah ce. In kin sa juyin halitta a allo gaban iyaye, rabin lokacinki zai tafi wajen ba da haƙuri.

Malamar Kwamfuta, Agege:
Allah gafarta Malam, na ji kuma na ɗauka. Ƙera zan ce, kamar maƙeri, don abin da yaron ke yi ke nan: ya ja wuya ya ƙara tsawo, ya manna ƙafa shida. Ko masana kimiyya sun soki wasan da ya fito, sun ce ba abin da masanin kimiyya Charles Darwin ya bayyana game da evolution a 1859 ba ne, tunda nan ɗan wasa ke zaɓa da hannunsa.

Alhajin Alaba Rago:
To ai wannan kiwo ne, Malama. Shekara 30 ina harkar raguna. Makiyayi ya ware rago mai ƙashi ya bar wa tumakinsa, ya sayar da ƙanana, bayan haihuwa da yawa garken ya sake kama. Balami fari ne ƙato mai gantsararren hanci da faɗaɗɗen kunne a rataye. Uda gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, kamar an raba da layi. 'Yankasa bai kai su girma ba, da ɗigon baƙi a ido da baki. Mu iri muke cewa. Sauyin yana cikin zuri'a, ba a jikin rago ɗaya ba. Ki ce sauyin zuri'a, ko wanda bai shiga aji ba zai gane.

Ɗan Masanin Obalende:
Zuri'a Larabci ce, Alhaji. Mun gudu daga Turanci mun faɗa Larabci.

Yaya Mile 12:
Halitta fa? Littafi, alƙalami, lokaci? Sai ka kwashe rabin bakinka ka mayar.

Ɗan Masanin Obalende:
Matsalar ke nan in aka bar wa 'yan Ikko aikin harshe. Ku da kuke cewa "oya mu tafi". A kai maganar Jami'ar Bayero, su da suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006.

Abban Idi-Araba:
Wannan magana ta yi mini zafi. Kakana a Agege aka haife shi, Hausa muke yi a gida har jikoki, a tsakiyar ƙasar Yarbawa. Wanda ya riƙe harshe a nan ya fi wahala da wanda ya tashi ya tarar da shi a ƙofar gida. Kai ma daga Obalende kake rubutu.

Baba Liman:
Ya isa haka, 'ya'yana. Yarinyar nan aiki ne a gabanta.

Malamar Kwamfuta, Agege:
Alhaji, saura species. Iri zan ce?

Alhajin Alaba Rago:
A'a. Balami da Uda suna haihuwa tare, iri ne daban amma duk tumaki ne. Tunkiya da akuya su ne jinsi biyu.

Yaya Mile 12:
Sai dai yaran yanzu a fom suka san jinsi, mace ko namiji. Za su rikice.

Malamar Kwamfuta, Agege:
Zan zana tunkiya da akuya a allo in rubuta jinsi a ƙasa, mu ga. Evolution kuma sauyin zuri'a, sannan in gaya wa manyan cikinsu cewa za su ga juyin halitta a rubuce a wasu wurare.

Ɗan Masanin Obalende:
Ban gamsu ba, ya yi tsawo. Amma ki yi da shi na Asabar ɗin. Ki dai faɗi rikiɗau sau ɗaya ki ga wanne yaran za su riƙe.

Malamar Kwamfuta, Agege:
Zan ba su shi su kira dabbar da suka ƙera, Malam. Abba, in majigin nan yana nan ka turo mini da shi ranar Juma'a bayan masallaci.