Ginin jama'a mai siffar abinci: wasa ne ko saƙo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton zauren wasanni na Esplanade da aka buɗe a Singafo a 2002, wanda mutanen ƙasar ke kira da sunan duriyan, wani ɗan itace mai ƙayoyi a jikin ɓawonsa. Shin irin wannan gini yana ɗauke da wata ma'ana, ko ado ne kawai?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙayoyin da ka gani a rufinsa faifan alminiyam ne da aka jera domin tare zafin rana, jama'a ne suka ga kamannin suka raɗa masa sunan.

Amsa ta biyu: Malam, misalin da ya fi burge ni shi ne Fadar Masara ta garin Mitchell a Dakota ta Kudu, Amurka. An gina fadar ta farko a 1892 domin a nuna wa baƙi albarkar ƙasar noman yankin, kuma ana sabunta zanen bangonta da zangarniyar masara mai launi daban-daban, ana kafa ta ɗaya bayan ɗaya. Manomi yana ganin guminsa a jikin bangon.

Amsa ta uku: Wannan ya tuna mini da dalar gyaɗar Kano. Da a ce an gina ɗakin karatu mai siffarta, da yaranmu sun san abin da ya ciyar da Arewa.