Estirojin da testosteron bayan ɗaukewar al'ada: ina neman bayani

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Shekaruna 49, kuma al'adata ta ɗauke tun bara. Abin da ya fi damuna shi ne zafin da ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska da daddare, har sai na tashi na canja rigar barci saboda gumi, ko da a tsakiyar hunturu ne. Likitan mata ya rubuta mini estirojin tare da furojestin, wato magungunan da ke maye gurbin sinadaran jikin mace, amma yayata ta ce suna jawo sankarar mama. Wata ƙawata kuma ta ce in haɗa da allurar testosteron, sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, wai tana dawo da kuzari da sha'awa. Ina roƙon masu sani su yi mini ƙarin haske kafin in fara.

Ungozoma:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoron yayarki yana da tushe. A 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata a Amurka, Women's Health Initiative, bayan an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki tsakanin masu shan estirojin da furojestin tare. Sai dai matsakaicin shekarun matan da aka yi binciken da su 63 ne, wato yawancinsu sun daɗe da rabuwa da al'ada. Da aka sake nazarin sakamakon, likitoci sun tsaya a kan cewa macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin da za ta samu ya fi haɗarin, matuƙar ba ta taɓa yin sankarar mama, ciwon hanta ko daskarewar jini ba. Haɗarin sankarar yana nan, kuma yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar mace a kan maganin. Kada ki kuskura ki ajiye furojestin ki sha estirojin kaɗai tunda mahaifarki tana nan, domin shi kaɗai yana kaurara bangonta har ya iya kaiwa ga sankara.

Inna daga Zariya:
Ni an cire mini mahaifa, shi ya sa estirojin kawai aka ba ni, na liƙawa a fata kamar filasta. Likitana ya bayyana mini cewa wanda ke shiga ta fata ba ya fara bi ta hanta, don haka haɗarin daskarewar jini ya fi sauƙi a kan na ƙwaya. Ki tambayi naki likitan wanne ya fi dacewa da ke, 'yar'uwa.

Mai haɗa magunguna:
Hajiya, batun allurar nan ne ya sa na sa baki. Allurar testosteron da ake samu a kemis, irin su Sustanon, an auna ta ne don maza, alhali abin da ake ba mace bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 10 na adadin namiji ba, kuma na shafawa ne. Matsayar da ƙungiyoyin likitoci na duniya suka fitar a 2019 ta amince da shi ne kawai ga macen da al'adarta ta ɗauke kuma rashin sha'awa yake damunta ƙwarai, ba don gajiya ko zafin dare ba. Idan ya yi yawa sai ƙuraje su feso, gashi ya fito a haɓa, murya ta yi kauri, kuma kaurin murya ba lallai ya koma ba ko an daina. Sau da yawa ma bushewar gaba ce ke sa mace gudun shimfiɗa, ita kuwa estirojin na matsawa ne maganinta.

Maman Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mahaifiyarmu ta taɓa samun daskarewar jini a ƙafa, saboda haka zan koma asibiti in sanar da likita, in kuma tambaye shi game da na liƙawan.