Rijiyar unguwarmu ta gurɓace, mu miƙa wa hukuma?

Ɗan Gaɗarif:
Salam 'yan uwa. Mu gida arba'in ne a Gaɗarif ta ƙasar Sudan muka haɗa kuɗi muka haƙa rijiya da tanki da fayif, to bayan damina aka auna ruwan aka ce na masai ya shiga ciki, yara sai gudawa. Wasu sun ce a miƙa komai wa hukumar ruwa ta gari kawai. Me kuke gani?

'Yar Kassala:
Ku miƙa wallahi yaya. Kwalarar 2024 a nan munga abin da ba ma fatan sake gani. Su suna da kulorin na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da wurin awo, ku fa?

Baba Mai Wurno:
Ɗana kar kuyi gaggawa. In kun miƙa, tanki da fayif sun zama nasu, kuɗin wata ma su za su yanka, kuma Gaɗarif kowa ya san wahalar ruwanta, in famfo ya ɗauke sai ku koma sayen na karo, wato ruwan amalanken jaki. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu tukuna. Masai nawa ke kusa da rijiyar? Aƙalla mita 30 ake so tsakani.

Ɗan Gaɗarif:
Baba, masai biyu ne, ɗaya ko mita 10 bai kai ba. Yanzu dai tafasawa muke.