Wa ke cin kabejina?

Mai lambun bayan gida:

Salamu alaikum, ma'abota lambu,
Na zo da kuka a kan kabejina.
Fangali 3 na dasa da hunturu,
Da takin tumaki na garken gidana.
Ya kama ƙasa, ya baza kunnuwa,
Har na soma lissafin kwandunana.
Sati 5 da dashe sai ga ɓarna,
Ganye ya koma kamar matankaɗina.
Wani hujin bai ma fasa duka ba,
'Yar fata ce, ta cikinta ka hango rana.
Ban ga ɓarawon ba, dare ko safiya,
Ku gaya mini wa ke cinye gumina.

Ɗan autan fadama:

Yaya, ai fara ce, ba wata ba,
Ko akuyar maƙwabta aka bari a sake.
Sayo maganin feshi ki zazzaga musu,
Kafin jibi kin gan su a mimmiƙe.

Kawu na bakin rafi:

Ɗana, sannu, ka yi gaggawa,
Ka ba da magani ba ka ga ciwon ba.
Akuya in ta shiga, kai take ɗaukewa,
Ba za ta tsaya huda ganye ba.
Fara daga gefe take gatsawa,
Ban taɓa ganin ta bar fata ba.
Tsutsar ƙasa dashe take sarewa a gindi,
Nata kuwa ko ɗaya bai faɗi ba.
Darɓa ganye take murɗewa da danƙo,
Ita kuma ba ta ce ta ga danƙo ba.
'Yata, da sassafe ki juya ganyen,
Bayansa za ki duba, ba fuskar ba.
Abin da kika gani ki taɓa da tsinke,
Ki dawo da labari, ban gama ba.

Mai lambun bayan gida:

Kawu, na je tun raɓa na kwance,
Na durƙusa na ɗaga ganye da hannuna.
Ga 'yan tsutsotsi kore shar, sirara,
Tsawonsu kamar farcen ƙaramin yatsana.
Na taɓa ɗaya, ta yi wutsil-wutsil da baya,
Ta sulalo a zare tana lilo a gabana.
Da na girgiza tushen, wasu 'yan ƙwari
Masu ruwan toka suka watse ta gefena.
Sai wani tushe guda can ƙarshe,
Gefensa rawaya, jijiya baƙa, ya tsaya a raina.

Kawu na bakin rafi:

To kin kama ɓarawo dumu-dumu, 'yata,
Wannan lilon a zare shi nake jiran ki da gayawa.
Masu ruwan tokan nan su ne iyaye,
A jikin ganye suke ƙwai suna ɓoyewa.
Irinsu ya saba da maganin kanti,
Sau da yawa a fesa, su ci gaba da yaɗuwa.
Ki samo 'ya'yan dogon yaro busassu,
Ki daka, ki jiƙa su kwana, da safe sai tacewa.
Ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye,
Feshi da yamma, ta ƙasa, duk sati ana maimaitawa.
Fangali 3 ai hannu ma ya isa,
Ki bi ganye ganye kina murtsukewa.
Ki yi sauri kafin ya naɗe kai,
In sun shige ciki feshi ba ya kaiwa.

Goggo ta Jos:

Mai rawayan nan bar mini shi, ɗiyata,
Mu nan da damina muke fama da shi.
Ba ƙwaro ba ne, ciwon ruɓa ne,
Daga gefe yake shiga, jijiya ta ja shi.
Fantsalar ruwa ke kai shi ga na kusa,
Ki bar ban ruwa ta sama, a gindi za ki ba shi.
Tuge shi yau, ki kai shi nesa ki ƙone,
Kada ki ce a ramin taki za ki zuba shi.
Wurin kuma shekara 3 ba kabeji,
Albasa ko masara su riƙe miki shi.

Ɗan autan fadama:

Kawu, na janye, a yafe wa akuya,
Nawa ma gobe zan duba shi a kife.
Yaya, akwai dogon yaro ƙofar gidanmu,
Zan aiko da kwano guda tun da safe.

Mai lambun bayan gida:

Goggo, na tuge, yana can cikin wuta,
Na wanke fartanya, na wanke hannuna.
Auta, ka haɗa da wanda ya bushe sosai,
Na riga na fito da taɓarya da turmina.