Demo, rangwame ko shawarar wani: me ke sa ku sayi wasan dabaru?

Sarkin_Yaƙi:
Assalamu alaikum jama'a. Ni dai wasannin dabaru na kwamfuta ne suka kama ni, irin su Civilization da Total War. Abin da ke damuna ƙa'idar Steam ce, wato shagon sayar da wasanni ta intanet: ba sa mayar maka da kuɗinka kai tsaye sai idan ba ka cika awa 2 kana bugawa ba, kuma sayen bai wuce kwana 14 ba. In wasan tseren mota ne, wannan ya isa. To Crusader Kings III fa, wasan tafiyar da gidan sarauta? A awa 2 ko maɓallan ba ka gama ganewa ba, balle ka kai ga aurar da magajinka. Ku da me kuke yanke hukunci?

Mai_Ganuwa:
Wa alaikumus salam. Ni ina bin demo, wato ɗan ɓangaren wasa da ake bayarwa kyauta don gwaji, musamman lokacin Steam Next Fest, bikin baje demo da ake yi a Fabrairu, Yuni da Oktoba. Amma amfaninsa a wurina biyu ne kawai: in ga ko kwamfutata za ta ɗauka, in kuma ga ko rubutun zai karantu. Ciwon wasan dabaru ba ya fitowa da wuri. Sai daula ta faɗaɗa, kowane zagaye ya koma jira, abokin gaba na kwamfuta ya fara shirme da rundunarsa. Demo ba ya kai ka can. Masu Factorio ne suka burge ni: ga demo, kuma sun ce ba sa yin rangwame, don haka babu abin jira.

Hajiya_Dabara:
Malam, ka yi hattara da araha. Kamfanin Paradox ya mayar da wasansa Crusader Kings II kyauta a 2019, shagon wasanni na Epic ma ya raba Civilization VI kyauta a Mayun 2020. Ba sadaka ba ce. So suke ka shiga, ka saba, sannan ka fara sayen ƙari-ƙarin nan da ake kira DLC ɗaya bayan ɗaya. Duba Europa Universalis IV na 2013: in ka tara kuɗin DLC ɗinsa, ya ninka na asalin wasan sau da yawa.

Duk da haka ni mai jiran rangwame ce, ba don kuɗin kaɗai ba. Wasan da ya shekara biyu an gyara masa kurakurai. Civilization VI na 2016 daban yake da wanda ya zama bayan fitowar DLC ɗinsa Gathering Storm a 2019. Ina sa wasa a jerin abin da nake so a Steam, in farashi ya sauka su turo mini saƙo.

Ɗan_Barde:
Gaskiyarki Hajiya. Ni kuma sharhin masu kushewa nake karantawa, don Steam na nuna awannin da kowa ya buga. Wanda ya yi ɗaruruwan awanni sannan ya ce kada a saya, shi ya san inda matsalar take. A YouTube ma tsakiyar yaƙin nake kalla, ba kashi na farko ba. Amma in abokaina suka ce daren nan Age of Empires II za a kara, duk wannan binciken ajiye shi nake yi.

Sarkin_Yaƙi:
Na gode muku. Hajiya, in mutum zai fara da Crusader Kings II na kyautar nan, wane DLC ne ba ya yiwuwa sai da shi?